Sunayen da Gogo Ba Ta Faɗa

Sau uku ke nan Karima Abdulmun'im tana zuwa tagar nan, kuma sau uku hafsan da ke zaune a bayanta yana juya takardunta da bakin biro, kamar mai duba nama ko ya kwana. Ranar Lahadin nan tun kafin a buɗe ƙofa ta iso daga unguwar Hajj Yusuf. Ta tsaya a layin mata har rana ta take, sannan aka zo kanta.

Abin da take nema lambar ɗan ƙasa ce, wadda kowa ke kira raƙam. Ba a yi wa ɗalibi rajistar jarrabawar shahada, ta gama sakandare, sai da ita, rajistar kuwa ranar Alhamis za a rufe. Shekara goma sha ɗaya Karima tana karatu, ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ko ta biyu ba. In Alhamis ta wuce babu lamba, 'yan ajinsu za su shiga ɗakin jarrabawa, ita tana gida tana tsintar wake.

"Ƙabila?" in ji hafsan da Larabci, ko da yake amsar tana rubuce a gabansa.

"Hausa."

"To." Ya ture takardun. "Kawo mini shaidar cewa a ƙasar nan aka haifi ubanki. Ba ta fatar baki ba. Takarda mai hatimi, da mai shaida ɗaya wanda zai rantse."

"Ubana ya rasu. An haife shi tun kafin a ɗaga tutar ƙasar nan."

"Kowannenku haka yake cewa."

"Saboda gaskiya ce."

Ya ɗago ya dube ta, irin kallon da ake yi wa yarinyar da ta cika baki. Karima ba ta sunkuyar da kai ba. Larabcinta ya fi nasa tsabta, ta kuma san ya ji hakan.

"Na gaba," in ji shi.

Ta tattara takardunta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, sannan ta fita.

Gidansu a Hajj Yusuf ɗaki biyu ne da rumfa. Uwarta ta sake aure a garin Mai Wurno bayan rasuwar uban, don haka hannun kakarta take, wadda duk unguwa ke kira Gogo, tare da ƙanen ubanta, Baffa Badaru, mai sayar da agashe, wato tsire, a kasuwar Suk al-Shabi. Ta same shi a rumfa yana tsire nama yana barbaɗa ƙuli, Gogo kuma tana kan tabarma tana jan carbi.

"Sun kore ki," in ji Baffa, bai ma ɗago ba.

"Takardar haihuwar Baba suke so."

Baffa ya yi dariya har tsinke ya faɗi daga hannunsa. "Takarda? A kambo, sansanin leburorin gona? Mu da aka haifa a bukkar karan auduga a Jazira, akuya ce za ta buga mana hatimi? Ubanki sau nawa ya je wurin nan yana da rai? Da ya gaji ya rantse ba zai ƙara ba, ya koma facin taya a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gyaran mota, har Allah ya ɗauke shi. Ki haƙura, 'yata. Rahibanki sun koya miki karatu, amma ba su ne gwamnati ba."

Rahiban da yake nufi matan cocin Katolika ne, waɗanda ba sa aure, masu makarantar da Karima ke zuwa. Da rumfar zana suka fara ta, saboda 'ya'yan mutanen Kudu da yaƙi ya koro. Su ba sa tambayar yaro takardar haihuwa. Da 'yan unguwa suka ga haka, masu ƙarfin hali suka fara kai nasu, aka yi ta surutu a bakin masallaci. Uban Karima ya toshe kunne ya kai ta. Yanzu makarantar bene ce mai aji goma sha shida, kuma ko bayan da mutanen Kudu da yawa suka koma ƙasarsu, ba a rasa yara ba: 'yan Dutsen Nuba, 'yan Habasha, Hausawa. Karima ta yi shekarun nan tana sallar azahar a ƙarƙashin bishiyar dogonyaro ta bayan aji, ba wanda ya taɓa hana ta, ita ma ba ta taɓa leƙa ɗakin addu'arsu ba. A gida kuwa Gogo ba ta kiranta sai da "Sista".

"Ba zan haƙura ba, Baffa," in ji Karima.

"Sai ki yi yaya?"

"Ban sani ba. Amma ba zan haƙura ba."

Carbin Gogo dai ya tsaya.

Washegari da sassafe Baffa ya tafi kasuwa. Karima na dama koko, sai Gogo ta kira ta.

"Sista, zo nan. Rufe ƙofar."

Ta rufe, ta zauna.

"Wancan yaron ba a kambo aka haife shi ba."

Wancan yaron shi ne uban Karima. Ɗan fari ne, Gogo kuwa tun da ta haife shi har aka kai shi makwancinsa ba ta taɓa kama sunansa ba. Haka ma mijinta marigayi: Malam ne, ko kuma shi. Karima ta taso tana jin haka, ba ta taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, don duk tsofaffin unguwa haka suke.

"Shekarar nan, da aka gama tsintar auduga, Malam ya ce mu zo Umdurman ya yi ga-ruwa kafin damina. Ina da tsohon ciki. Naƙuda ta kama ni ranar idin ƙaramar Salla. Kwana biyu ina abu ɗaya. Ungozoma ta ba ni rubutu, ta ba ni jiƙo, daga baya ta wanke hannunta ta ce sai dai addu'a. Shi ya ɗora ni a keken jaki ya kai ni unguwar Masalma, gidan rahibai. Wata Baturiya mai jan kunne ta sa hannu ta juya yaron. Ranar Laraba ya faɗo."

Karima ta ajiye ludayi. "Gogo. Shekara sittin da wani abu. Baba ya sani?"

"Bai sani ba."

"Ya yi ta zarya wurin takardar nan har ya mutu, kina kallo."

"Ina kallo." Muryarta ba ta yi rawa ba. "Kin san abin da za a ce a kambo? Za a ce ɗan Malam a hannun Nasara ya faɗo, sun zuba masa ruwansu. Wa zai ba shi mata? Wa zai bi shi salla? Malam ya ce mu rufe bakinmu, na rufe. Ya mutu, ban buɗe ba. Ke ce kika zo da taurin kanki."

"Sun rubuta?"

"Ba abin da mutanen nan ba sa rubutawa. Har yatsana suka shafa wa baƙi na dangwala." Ta dubi bango. "In kin je, ki duba mini abu ɗaya. Rana ta uku barci ya sace ni kaɗan. Ki duba ko a lokacin sun zuba masa."

Shugabar makarantarsu, Sista Marta, 'yar Dutsen Nuba ce, doguwa, mai saurin tafiya da saurin magana. Karima ba ta gama bayani ba ta ɗauki jakarta. Ranar Talata ce, suka hau hafla biyu, ƙananan bas ɗin haya, suka haye gada zuwa Umdurman, suka ƙarasa Masalma a raksha, keke mai ƙafa uku.

Gidan tsoho ne, na jan bulo, da dogon baranda. Ɗakin haihuwar ya daɗe da zama ajin ɗinki. Aka buɗe musu wani ɗaki a ƙurya mai warin tsohuwar takarda, kantoci daga ƙasa har rufi.

"Kin ga nan?" Sista Marta ta nuna kanta ta ƙasa, inda littattafai 'yan sirara suke jingine da juna. "Farkonmu ke nan a gidan nan. Mata huɗu daga Italiya, da akwatin magani. Biyu suna kwance a maƙabartar baya, zazzaɓi ya ci su." Ta ɗaga hannu sama, inda littattafan suka yi kauri suka cika kanta bayan kanta. "Nan kuma asibitoci, makarantu, sansanonin 'yan gudun hijira. Duba sa hannun. A ƙasa duk sunayen Turawa ne. Daga tsakiya za ki fara ganin namu. Yau a gidan nan Baturiya ɗaya ta rage, ita ma ba ta gani sosai. Sauran daga Nuba muke, da Juba, da Uganda, da Eritriya."

"Kun yi yawa, Sista."

"Mun yi. Ke ce dai muka kasa samu."

"Ba za ku samu ba."

"Na sani. Shekara goma sha ɗaya ina kallonki ƙarƙashin dogonyaro." Ta zaro littafin 1955, shekarar haihuwar uban Karima, ta busa ƙura. "Wane wata?"

"Laraba ta farko bayan ƙaramar Salla."

Sai da suka nemo tsohuwar kalanda a waya suka gane ƙarshen Mayu ne. Sista Marta ta bi layukan da yatsa. Rubutun siriri ne, tawadar ta koma ruwan ƙasa, harshen kuma Italiyanci. A ranar ashirin da biyar yatsan ya tsaya.

"Ga ta. Uwa, Hadizatu. Shekarunta kamar goma sha bakwai. Ta zo daga Jazira. Namiji, da rai."

A ƙarshen layin ga tambarin babban yatsa, ƙarami, kamar na yarinya. Karima ta tsaya tana kallonsa. Ba ta taɓa tunanin Gogo ta taɓa zama 'yar shekara goma sha bakwai ba.

"Sunan yaro," Sista Marta ta ci gaba, "Balarabe. Sunan uba..." Ta matso da littafin kusa da ido. "Malam."

"Malam wa?"

"Malam kawai."

Karima ta gane nan take, ta ji kamar ta fasa ihu. An tambayi yarinya sunan mijinta, ta ba da abin da bakinta zai iya faɗa. An tambaye ta sunan jariri tun ba a yi kwana bakwai an raɗa masa ba, ta ba da sunan rana. Baturiyar kuwa ta rubuta da zuciya ɗaya. Ga shaida a hannu, amma babu Abdulmun'im a ciki, babu Ƙasimu, sunan kakanta.

"Akwai ƙarin rubutu a gefe," in ji Sista Marta. Ta karanta a zuci, sai ta fara murmushi. "Ta ce: yaron ya zo da rauni, na ji tsoron ba zai kwana ba, na nemi in yi masa baftisma. Uwar ta ƙi. Ta ɗaure shi a ƙirjinta da zane, kwana huɗu ba ta kwance ba, ko da tana barci. Ba a yi ba." Ta rufe baki da hannu tana dariya. "Tawa kakar ba ta ƙi ba, shi ya sa kika gan ni da wannan mayafi. Taki kuwa, yanzu na ga inda kika gado."

"Sista, takardar ba za ta yi ba. Sunayen ba su dace ba."

"Zan kwafe layin nan yadda yake, in fassara, in buga hatimin gida. Ƙarya kuwa, ba zan ƙara ko harafi ɗaya ba. Abin da zai haɗa Balarabe da ubanki mutum ɗaya ne, mai wannan yatsan. Ta je ta faɗa da bakinta."

La'asar sakaliya Karima ta koma gida. Ta fara ba Gogo amsar tambayarta, kalma bayan kalma, yadda aka fassara mata. Tsohuwar ta saurara idonta a rufe. Da aka zo kan "ba a yi ba", ta sauke wani dogon numfashi, ta shafa fuska da hannu biyu.

"Alhamdu lillahi. Ashe mai jan kunnen nan ba ta cuce ni ba."

Sannan Karima ta faɗi sauran. Gobe za su je ofis, Gogo ta dafa Alƙur'ani ta faɗi sunanta, da na mijinta, da na ɗanta.

"Ke ki faɗa. Ai kin sani."

"Ba ni ce mai shaida ba."

"To Badaru."

"Ba a haife shi ba a lokacin."

"Sai su rubuta a takarda in ɗaga kai."

"Ba za su yarda ba, Gogo. Mutumin nan neman dalili yake."

"To ya samu." Ta jawo carbinta. "Ni Hadizatu, da furfurata, in tsaya a gaban maza in kama sunan Malam kamar 'yar tasha? In kira ɗan fari kamar mai kiran kaza? Uwata ba ta yi ba, uwarta ba ta yi ba."

Ana cikin haka Baffa Badaru ya shigo ɗaukar gawayi, ya ji ƙarshen zancen, aka maimaita masa farkon. Ya zauna a kan buhun.

"Wato Yaya a kanisa, cocin Nasara, aka haife shi."

"A ɗakin haihuwa," in ji Karima.

"Duk ɗaya ne a bakin mutane. Gobe in na tsaya a Suk al-Shabi za a ce ga ƙanen ɗan rahibai. Ke kuma yanzu za ki ja tsohuwa ki tsiraita ta a gaban Larabawa, saboda jarrabawa. Akwai wata shekarar."

"Wata shekarar ma takardar nan za su nema, Baffa. Da 'ya'yanka in sun kai. Su ma agashe za su gasa?"

"Agashen ne ya ciyar da ke."

"Na sani, ban raina ba." Ta juya ga kakarta, ta durƙusa har ƙasa. "Gogo, kina 'yar shekara goma sha bakwai, ke kaɗai a gidan baƙi, jini bai tsaya miki ba, kika ce wa Baturiya a'a. Ban ce ki ji tausayina ba. Amma mutumin nan cewa yake ƙarya muke yi. Cewa yake ba a nan kika haihu ba, ba a nan kika tsinci auduga ba, ba a nan kika binne mijinki da ɗanki ba. In kin yi shiru, maganarsa ce ta tsaya."

"Tashi ki ba ni wuri," in ji Gogo. "Bakinki ya fi na gidan rediyo."

Karima ta kwanta ba ta san matsayinta ba.

Da gari ya waye ta fito ta tarar da Gogo zaune a bakin gado, ta yafa farin tob ɗinta, mayafin zuwa biki, ta sa takalmi.

"Ban ce zan faɗa ba," in ji ta. "Zuwa zan yi in ga fuskar marar kunyar."

Baffa ya yi ta gunaguni, amma shi ya tsayar da raksha, shi ya riƙe mata hannu a matakalar hafla, kuma bai tafi kasuwa ba.

Layin mata ya fi na ranar Lahadi tsawo. Rabinsa Hausawa ne da Barebari, kowace da tarin takardu a leda. Da suka ga tsohuwa suka matsa mata, aka yi ta gaisuwa. Kafin azahar Karima ta miƙa takardar Sista Marta ta taga.

Hafsan ya karanta, ya juya baya, ya duba hatimin da gicciye a tsakiyarsa.

"Yanzu kuma kanisa kuka koma? Jiya Musulmi, yau Nasara."

"Musulmi jiya, Musulmi yau. Su ne dai suka iya ajiye littafi."

Wani ma'aikaci a teburin baya ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Hafsan bai ji daɗi ba.

"Nan an ce Balarabe ɗan Malam. Ke kin ce Abdulmun'im Ƙasimu. Takardar wani kika sayo?"

"Ga mai yatsan da ke cikin littafin. Ku gwada in kuna so."

Aka buɗe ƙofar gefe aka shigo da su. Aka ajiye Alƙur'ani a tebur, Gogo ta ɗora hannu. Larabcinta na gona ne, mai kauri, amma ba ta buƙatar tafinta.

"Sunanki, hajiya?"

"Hadizatu 'yar Salihu."

"Sunan mijinki?"

"Malam."

"Malam aiki ne. Sunansa."

Gogo ta dubi Alƙur'anin. "Uban yaran nan."

"Sunan ɗan da kika haifa a Umdurman?"

"Uban wannan." Ta nuna Karima da haɓa.

Hafsan ya jingina da kujera ya buɗe hannuwa, yana duban abokan aikinsa. "Kun gani? Sun ɗauko tsohuwa a hanya, ko sunayen ba su koya mata ba. Matar da ba ta san sunan mijinta ba." Ya ɗaga murya don na waje su ji. "Hajiya, nawa aka ba ki? Ko mazan ne suka yi yawa kika manta wanne?"

Baffa Badaru ya yunƙuro. Gogo ta ɗaga masa hannun hagu, ya tsaya. Karima ta so ta ce a bari, su tafi, jarrabawar ta ƙone. Bakinta ya buɗe, amma Gogo ta riga ta.

"Yaro, kai ɗan wane gari ne?"

"Ba ke ke tambaya ba."

"Rigar da ke jikinka ta auduga ce. Shekara arba'in ina tsintarta. Ba ka san abin da ya sa ban faɗi sunansa ba, don a gidanku ba a koya maka ba. Mu ba ma kama sunan wanda muke girmamawa. Shekara sittin da biyar ban kama ba, yana raye, yana kabari. Yau zan faɗa sau ɗaya. Ka buɗe kunnenka, ka riƙe bironka da kyau."

Ta gyara tsayuwa, ta danna tafin hannunta a kan Littafin.

"Mijina Ƙasimu ɗan Isiyaku. Ɗana na fari Abdulmun'im. Na haife shi ranar Laraba a Masalma, a hannun rahibai, Turawa ba su tafi ba, wannan ofishin naka ba a gina shi ba. Aka raɗa masa suna a Umdurman da tunkiyar da ubansa ya saya da kuɗin ga-ruwa. Wannan 'yarsa ce. Rubuta."

Ta taga Karima ta ga matan layi. Tsofaffin cikinsu duk sun kau da fuska, wannan tana gyara ɗankwali, waccan tana neman wani abu a jaka, kamar ba wadda ta ji komai. Baffa ya sunkuyar da kai, yana kallon takalminsa. Shi kansa bai taɓa jin sunan ubansa daga bakin nan ba.

Hafsan ya yi gyaran murya. Ya rubuta, ya sa aka kawo tawada Gogo ta dangwala.

"Shi ke nan. Za a duba. Ku dawo bayan mako biyu."

"Gobe ake rufe rajista," in ji Karima.

"Ba matsalata ba ce."

Gogo ba ta yi gardama ba. Ta tattare tob ɗinta, ta zauna a ƙasa, nan tsakiyar ofis, tsakanin teburinsa da ƙofa, ta miƙe ƙafafu.

"Hajiya, tashi."

"Na biya abin da ka nema. Ba ni da wani na biyu da zan kawo bayan mako biyu. Ina nan."

Karima ta zauna kusa da ita. Baffa ya dubi hagu ya dubi dama, ya cire hularsa ya share zufa, shi ma ya zauna. Daga waje wata mata ta ce da Hausa, "Ku matsa mana, mu ma mun gaji da tsayuwa," aka yi dariya, layin ya fara turo ƙofa.

Ma'aikacin teburin baya, wani mai furfura a gemu, ya taso ya ɗauki fayil ɗin. Ya karanta takardar rahibai a tsanake, ya karanta rantsuwar, ya sunkuya ya yi wa hafsan magana a kunne. Ba su ji abin da ya ce ba. Sun dai ga hafsan ya jawo hatimi ya buga da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata, ya tura takardar ba tare da ya dubi kowa ba.

"Taga ta shida. Hoto da yatsu."

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna Karima ta fito da 'yar takarda mai lambobi a jere. Ta karanta su sau biyu a bakin ƙofa, ta ninke ta sa a cikin littafinta.

Gogo na zaune a inuwar katanga wurin mai shayi, ta ja tob ta rufe rabin fuskarta. An kawo mata shayi bai ragu ba. Karima ta tsuguna a gabanta.

"Gogo..."

"Kada ki ce komai. Kuma in kika kai zancen nan unguwa sai na ci mutuncinki."

"Ba zan kai ba."

"Ƙarfe nawa rahibanki suke tashi?"

"Uku da rabi."

"To me kike yi a nan? Rajistar za ta yi kanta? Badaru zai mai da ni." Ta ɗauki kofin, ta kurɓa, ta yamutsa fuska don ya huce. "Sista, ki ji ni da kyau. In kika faɗi jarrabawar nan, ki nemi wata kakar."

Karima ta miƙe. A tsallaken titi wata hafla mai zuwa Bahri, hanyar makarantarsu, tana shirin tashi, ta tattare siket ɗinta ta ruga ta tare ta.